Forfe na ƙarewa kafin wata ya raba: wace katangar intanet ta dace da gida mai shago?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Yelwa, nan Garwa, manne da gidana. Akwatin 4G guda ɗaya muke amfani da shi, gida da shago. A shago akwai kwamfuta biyu da firinta da kyamara biyu, a gida kuma wayoyin iyali sun kai tara. Forfen wata, wato kunshin data, da nake saya ba ya wuce kwana goma sha biyu. Sau uku ina canza kalmar sirri, amma kafin Juma'a ta zagayo sai in ga samarin unguwa jingine da katangata bayan isha'i, kowa da wayarsa. 'Ya'yan maƙwabta ne, ba na iya korarsu. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wani mai kawo aiki ya tura takarda firinta daga wayarsa ba tare da ya tambaye ni ba, ga shi kwamfutar shagon cike take da takardun mutane, har da hotunan katin shaida. Wani ya ce in sa pfSense a tsohuwar kwamfutar tebur da nake da ita a ajiye, wani ya ce OPNsense, wani IPFire, ƙanena kuma ya ce OpenWrt. Duk an ce kyauta ne. Wanne zan ɗauka? Daga mai shago, Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa sana'a albarka. Ƙanenka ne ya yi daidai: OpenWrt a kan rauta mai kyau (na'urar da ke raba intanet ta kebul da Wi-Fi), tsohuwar kwamfutar kuma a bar ta inda take. Amma ka saurari dalilin, don shi zai hana ka zuba kuɗi inda ba nan ciwon yake ba.

Fara da buɗe shafin akwatin 4G ɗinka ka duba adireshin da kamfanin waya ya ba shi. In ka ga ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kai da ɗimbin masu layi kuna bayan adireshi guda ne na kamfanin, kuma wani daga waje ba ya iya ƙwanƙwasa maka ƙofa kai tsaye. Haka mafi yawan layukan wayar hannu suke. Ke nan barnar da kake gani daga ciki take tasowa. Gidanka na intanet yanzu fili ne guda, ba zaure ba shigifa: duk wanda ya samu kalmar sirri ya faɗo har tsakar gida, yana ganin firinta da kyamara da kwamfutar da ke riƙe da katin shaidar mutane. Kalmar kuwa ba sai an sace ta ba. Daga Android 10 zuwa sama, wayar da ta taɓa shiga Wi-Fi tana iya nuna shi da hoton QR, wani ya ɗauka da tasa wayar ya shige. Yaro ɗaya a gida ya isa. Abin da kake nema katanga ce mai raba ɗakuna, mai kuma auna wa kowa rabonsa.

Duka huɗun da aka lissafa maka buɗaɗɗun manhajoji ne, kowa na iya saukewa ya duba yadda aka gina su, kuma duk suna iya wannan aikin. Inda suka rabu shi ne irin na'urar da kowacce ke hawa, a Garwa kuwa wannan ba ƙaramar magana ba ce.

pfSense ita ce babbar yaya. An tsago ta daga wata tsohuwar manhajar katanga, m0n0wall, a 2004, tana tafiya a kan FreeBSD, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Linux, kamfanin Netgate na Amurka ke riƙe da ita. Tun 2021 ta kasu biyu: CE, wadda ke buɗe kuma kyauta, da Plus, wadda ba a buɗe take ba. OPNsense daga jikinta ta fito a Janairun 2015, kamfanin Deciso na ƙasar Holan ke kula da ita, tana fitar da babban sabon zubi sau biyu a shekara, Janairu da Yuli, shafinta kuma ya fi sauƙin bi ga sabon shiga. Dukansu suna da tsarin tikiti na ba baƙo intanet na awa ɗaya ko yini ɗaya, suna haɗa layi biyu in ɗaya ya faɗi ɗaya ya ɗauka. Manhajoji ne na ƙwarai, ba mu raina su ba. Sai dai kwamfuta suke so mai 64-bit, da ƙofar kebul biyu, da RAM da zai kai giga 4 in ana son sakewa. Tsohuwar kwamfutar tebur yawanci ƙofa ɗaya gare ta, sai ka nemo kati na biyu, kuma FreeBSD ta fi jituwa da katin Intel. Katin Realtek mai araha yakan yi aiki lafiya har sai kaya sun yi nauyi, sannan ya ɗauke. Wi-Fi ma ba fagenta ba ne, dole dai sai ka sayi rauta ta daban ta watsa shi. Ka ga na'ura uku ke nan a kunne dare da rana.

IPFire a kan Linux take, 'yan Jamus ne jagororinta, kuma tsarinta na launuka yana da daɗin koyo: ja intanet, kore cikin gida, shuɗi Wi-Fi, ruwan lemo na'urorin da ake buɗe wa waje. Ba ta cin RAM kamar waɗancan. Amma ɗakunan nan huɗu su ne iyakarta, ja ɗaya kuma take ɗauka, wato ba ta haɗa layi biyu. Duk ranar da ka so ajiye MTN da Orange tare, ko ka ƙara da layin Camtel, sai ka sake gini.

Yanzu ga lissafin wuta. Tsohuwar kwamfutar tebur takan ja wat 60 zuwa 100. Mu ɗauki 70: a yini kilowat-awa 1.7, a wata kusan 50. Rauta mai jan wat 8 ba ta kai 6 a wata. Batirin 12V 7Ah, irin na cikin ƙaramin onduler (akwatin da ke riƙe wuta in an ɗauke), wat-awa 84 yake riƙewa, rabinsa kuma ake ci in ana son ya yi ƙarko. Rauta da akwatin 4G tare, wat 16, za su yi awa biyu da rabi a kansa, a kan batirin sola mai 100Ah kuwa su wuce yini da rabi. Kwamfutar tebur ko rabin awa ba lallai ta yi a kan ƙaramin ba. Ƙara da zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da fanka ke zuƙowa ciki har ta toshe. Sannan ɗaukewar wuta farat ɗaya tana lalata faifan da ake cikin rubutu a kansa, kwamfutar ta tashi tana neman a gyara ta da hannu, shago ya wuni ba intanet. OpenWrt kuwa an gina ta ne don na'urar da ake zare wa wuta ba sallama. Ainihin manhajar na zaune a sashen da ba a rubutu a kansa, bayanan yau da kullum a RAM suke, wuta ta dawo ta tashi cikin minti ɗaya ko biyu. Ita ma ba baƙuwa ba ce, tun 2004 take, daga rautar Linksys WRT54G ta faro. Shafinta da ake kira LuCI yana da Faransanci, sai a saka luci-i18n-base-fr.

Wurin sayen rauta ne mutane suka fi yin asara, don haka a nan za mu daɗe. Ka nemi mai ma'adanar ciki mega 16 da RAM mega 128 ko fiye. Ƙananan nan masu arha da suka cika kasuwa, irin tsofaffin TP-Link TL-WR840N da TL-WR841N masu mega 4 da 32, OpenWrt ta daina yi musu sabon zubi tun bayan zubi mai lamba 19.07, kada ka taɓa. Sunan da ke jikin kwali bai isa ba. Juya rautar ka karanta takardar da ke manne a ƙasanta, inda aka rubuta Ver da lamba. Archer C7 daga v2 zuwa v5 tana aiki da kyau, v1 kuwa Wi-Fi ɗinta na 5GHz ba ya tashi. Archer C6 v2 da v3 suna ɗaya ne amma cikinsu daban, fayil ɗin wannan in ya shiga waccan ya kashe ta. Kana tsaye gaban mai kaya, buɗe firmware-selector.openwrt.org a wayarka ka rubuta suna da lambar. In bai fito ba, ajiye masa kayansa. Masu Wi-Fi na Broadcom a guje su, na MediaTek da Qualcomm su ne abin nema. In kuma kana tsoron sauya manhaja da hannunka, rautocin GL.iNet da OpenWrt a cikinsu suke zuwa.

Ranar sakawa, sauke fayil mai kalmar factory, shi ne na karon farko, sysupgrade na sabuntawa ne daga baya. Haɗa kwamfuta da rautar ta kebul, ba ta Wi-Fi ba. Rautar ta kasance a kan batiri ko onduler, domin wuta in ta ɗauke a tsakiyar rubutun nan, rautar ta zama dutse sai mai gyara. Ba ta minti biyar, kada ka taɓa komai. Za ta tashi a 192.168.1.1, sunan shiga root, ba kalmar sirri, Wi-Fi a kashe. Kalmar sirrin ita ce aikin farko. Na biyu agogo: zaɓi Africa/Douala, don rauta ba ta da batirin agogo, daga intanet take karɓar lokaci, duk dokar da ka ɗaura wa awa kuma da shi take aiki.

Sai kebul daga akwatin 4G zuwa ƙofar WAN ta rautar, wadda intanet ke shigowa ta cikinta. Akwatunan Huawei yawanci 192.168.8.1 suke, ba rigima. In naka 192.168.1.1 ne, ya yi karo da rautar, za ka ga komai a kunne amma shafi ba ya buɗewa. Maganin shi ne ka mayar da LAN na rautar, wato ɓangarenta na cikin gida, 192.168.10.1, kuma ka yi hakan ko ba karo, don lissafi ya daidaita. Ka sani LuCI tana jira daƙiƙa 90, in ba ka shigo ta sabon adireshin ba ta koma tsohon. Zare kebul ka mayar, ka buɗe sabon da sauri. Bayan haka shiga akwatin 4G ka kashe Wi-Fi ɗinsa ɗungurungum, har da WPS, hanyar shiga Wi-Fi ba tare da kalmar sirri ba, ka canza kalmar shiga shafinsa. Wannan matakin shi aka fi mantawa, kuma in ka bar shi duk aikin banza ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ɗaki uku za ka yanka. LAN na shago ne: kwamfuta biyu da firinta, a kan kebul, Wi-Fi ɗin firintar ma a kashe shi. Na biyu na iyali, 192.168.20.1. Na uku zaure, 192.168.30.1, na masu kawo aiki da samarin unguwa. Ga yadda ake gina zauren, na iyali ma haka. A Network, Interfaces, ƙirƙiri sabo ka sa masa suna baki, da tsayayyen adireshi, ka kunna DHCP, mai raba wa wayoyi adireshi. A Wireless, ƙara sabon sunan Wi-Fi ka ɗaura shi a kan baki, ka kunna Isolate Clients don wayar wannan kada ta ga ta wancan. A Firewall, buɗe sabon yanki: Input reject, Output accept, Forward reject, ka ba shi hanya zuwa wan kaɗai. Daga nan dokoki uku a Traffic Rules. Ta farko ta buɗe wa baki ƙofa 53, TCP da UDP, zuwa ita rautar. Ta biyu ƙofa 67, UDP. In ka manta waɗannan biyun, waya za ta kama Wi-Fi ta tsaya tana neman adireshi har ta gaji, ko ta shiga ta ce ba intanet. Ta uku ta hana baki isa 192.168.8.0/24, domin akwatin 4G a ɓangaren wan yake, in ba ka toshe ba yaro mai wayo zai buɗe shafinsa daga zaure. Gwada da wayarka: shiga zauren, nemi firinta, nemi 192.168.10.1, nemi 192.168.8.1. Duka ukun su ƙi, YouTube ya buɗe.

Zancen forfe kuma, kafin ka ɗora wa samari laifin duka, auna. Saka luci-app-nlbwmon, tana nuna abin da kowace na'ura ta ci, ka sa mata ranar da forfenka ke farawa. Tarko ɗaya gare ta: a /var/lib/nlbwmon take ajiye lissafi, wurin kuwa RAM ne, wuta na ɗaukewa ya goge. Mayar da shi kan kile USB da ke jikin rautar, ka sa ta riƙa adanawa kowace awa. Lissafin da za ka riƙe a ka shi ne megabit 1 a daƙiƙa mega 450 ne a awa, giga 10.8 a yini. Kyamara ɗaya da ke tura hoto ma'ajiyar kamfaninta dare da rana a wannan gudun ta isa ta cinye forfen wata ita kaɗai. Duba saitin kyamarorin nan biyu tun yau, su riƙa ajiya a katin ciki ko a akwatin naɗa. In kana son kallonsu daga waya kawai, ka yanka musu ɗaki na huɗu, kada su zauna da kwamfutar takardu. Windows ma ka gaya mata layin na awo ne, wato ka kunna Metered connection, ta rage sauke manyan sabuntawa ba shawara.

Rabon gudu aikin luci-app-sqm ne. Auna gudun layinka bayan isha'i, lokacin da rezo ya fi cunkoso, kwana uku a jere. Ɗauki mafi ƙanƙanta, ka sa kashi 85 cikin 100 nasa a kan wan, ka zaɓi cake da piece_of_cake.qos. Gudun 4G hawa da sauka yake yi, in ka sa adadin safiya, da dare SQM ba ta da abin riƙewa. Zaɓin Flow offloading a bar shi a kashe, yana iya zagaye SQM. Zaure kuma a yi masa tasa SQM ɗin a megabit 2, amma ka lura, a kan ɗakin ciki lambobin a juye suke: gurbin upload shi ke rage abin da baƙi ke saukewa. Megabit 2 ɗin ma mega 900 ne a awa in an cika shi, don haka gudu kaɗai ba ya tsare forfe, sai an haɗa da lokaci. A System, Scheduled Tasks, rubuta layi biyu: 0 21 * * * ifdown baki, da 0 8 * * * ifup baki. Sake tayar da rautar sau ɗaya don ya kama. Da yake wuta in ta ɗauke ta dawo tsakar dare zauren zai sake buɗewa, ƙara doka a Traffic Rules mai hana baki fita daga 21:00 zuwa 23:59, da wata daga 00:00 zuwa 08:00. In kana son kowane baƙo ya samu ƙayyadadden rabo, openNDS tana yanke wa kowa minti da mega. Toshe waya ɗaya-ɗaya da lambar MAC, wato lambar shaidar na'ura, kuwa wahala ce kawai, wayoyin yanzu tun Android 10 da iOS 14 lambar aro suke nunawa.

Wannan tsarin ya fitar da kai daga kunyar maƙwabta. Ba ka kori kowa ba, ba ka hana ba. Ka samu iyayen yaran ka ce ga Wi-Fi na zaure, daga takwas na safe zuwa tara na dare, kalmar na rubuce a shago. Wanda ya zo neman sakamakon jarrabawa ko aika saƙo zai samu, mai kwana kallon bidiyo zai ga ƙofa ta rufe da kanta. Kalmar sirrin iyali kai za ka shigar da ita a kowace waya da hannunka, haruffa 14 ko fiye, WPA2 ko WPA3, ka kuma gaya wa uwargida da yara cewa rautar tana ƙirga abin da kowace waya ta ci. Yawan mega take nunawa, ba abin da mutum ya karanta ba, kuma gara su ji daga bakinka. In wayar wani ta fara cin ninki uku, ka san inda QR ya fita.

Kada ka ɗora wa katangar abin da ba ta iya ba. Kile ɗin da masu kawo aiki ke soka wa kwamfutarka ba ta rauta suke bi ba, su ne babbar hanyar ƙwayar cuta a shago irin naka. Kwamfuta ɗaya ta zama ta karɓar kile, da asusun da ba na mai iko ba, takardun mutane su koma ɗayar, kuma hoton katin shaida a goge shi da an gama aikin. Tace shafukan batsa ana yinsa kyauta in ka sa 1.1.1.3 na Cloudflare a matsayin DNS, wato mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, ka rufe ƙofa 853, sai dai yaron da ya saka VPN ya tsallake. Suricata, manhajar gano kutse da ake yi wa OPNsense da pfSense kirari da ita, RAM take ci, mafi yawan zirga-zirgar yau kuma a rufe take da HTTPS, ba ta ganin cikinta. A layi irin naka ba ta biyan wahalarta.

Akwai ranar da za mu ce maka OPNsense: in ka kai ga sayar da tikiti ga mutum talatin ko hamsin, ko ka haɗa layi biyu da reshen shago. Ko a ranar ba tsohuwar kwamfuta ba, ƙaramin akwati marar fanka mai Intel N100 da ƙofofin Intel, wanda ke jan wat 10 zuwa 15 a 12V. Zaɓi tsarin faifai na ZFS wurin sakawa don ta fi jure ɗaukewar wuta, ka ajiye shi inda iska ke ratsawa, rautarka ta OpenWrt ta koma mai watsa Wi-Fi. Kafin sayar da tikiti kuma ka karanta sharuɗɗan forfenka, ka tambayi abin da dokar ART, hukumar kula da sadarwa ta Kamaru, ta ce kan sake sayarwa.

Haɗa batiri yana da nasa ƙa'ida. Karanta jikin cajar kowace na'ura, wata 12V ce, wata 9V, wata 5V. Batirin sola yana kai 14.4V lokacin caji, don haka sa ƙaramar na'urar daidaita wuta a tsakani, da fis mai amfiya 3 kusa da batirin, ka tabbatar tsakiyar filogi ita ce mai alamar tarawa kafin ka soka. Kebul ɗin da zai ratsa tsakanin gida da shago ya zama na jan ƙarfe zalla, kada ya wuce mita 100, a bi da shi cikin bututu a ƙasa maimakon rataya shi a kan kwano, da damina in hadari ya haɗu a zare shi. Da komai ya daidaita, shiga System, Backup, ka latsa Generate archive, ka ajiye fayil ɗin a kile biyu, ka rubuta adireshi ukun da kalmomin sirri a littafin shago. In wata rana ka rufe kanka a waje, danne maɓallin reset daƙiƙa goma, rautar ta koma 192.168.1.1, ka ɗora fayil ɗin.

Bayan mako ɗaya, aiko mana da sunayen na'urori biyar da suka fi ci a nlbwmon da adadin kowacce, tare da gudun da ka auna da dare, mu duba maka lambobin SQM. Allah ya taimaka.